Amsoshin da Na Bayar a Madadin Yaya Indo

Shekara takwas ke nan a wannan kakar da rasuwar yayana, Malam Lawal na Ruwan Godiya. Ba sananne ba ne. In ka cire mutanen ƙauyenmu, da masu sayen masara na Daudawa, da Fulani biyu ko uku da yake ba kiwo, ban san wanda zai ji sunansa ya ɗaga kai ba. Manomi ne, kuma hakan ya ishe shi. Ni ne ƙaninsa da aka kai boko. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli a Ƙanƙara da kewayenta, har na hau kujerar hedimasta, wadda a ƙauye ta fi ta minista kwarjini, tunda shi ministan ba a taɓa ganinsa ba.

Al'adar irin wannan rubutu ita ce a jero kyawawan halayen mamaci a sa hannu. Ba abin da ya zaunar da ni ba ke nan. Akwai wata mata, Yaya Indo, matar marigayin, da aka shekara takwas ana raɗa cewa ita ta yi sanadin mijinta. Na san ba haka ba ne tun ranar farko. Na yi shiru.

Yaya Lawal ya girme ni da shekara tara. Shi ya tsaya a gona don ni in zauna a aji, kuma bai taɓa goranta mini ba. Iyakarsa tsokana. In na je gida hutu da littafi a hammata, sai ya dube ni ya ce, "Isuhu, kai da kake karanta komi, mi littahi ya ce game da ruwan bana?" In na ce littafi bai faɗa ba, sai ya kaɗa kai kamar mai tausayin littafin.

Da shekaru suka fara ja, gwiwa ta soma damunsa. Wata rana na gan shi yana dafa bango kafin ya miƙe daga sallah, abin ya tsaya mini a rai. Da na koma Ƙanƙara na shiga kemis na yi bayani, aka ba ni wasu ƙwayoyi na kashe ciwo masu ƙarfi. Na aika masa. Bayan mako ɗaya saƙo ya zo cewa Yaya ya koma saurayi, a ƙaro. Haka na riƙa aikawa duk ranar kasuwa ta hannun direbobi, damina huɗu a jere. Biyu yake haɗiya da safe kafin ya saɓi fartanya, wani lokaci ko koko bai sha ba. A cikin kowane kwali akwai 'yar takarda mai ƙananan haruffa da ke gargaɗi game da ƙoda. Ni mutum ne da ke karanta har rubutun jikin gwangwanin madara in na rasa abin karantawa. Wannan takarda ɗaya ce ban taɓa warwarewa ba.

Akwai kuma suga. Shekara biyu kafin rasuwarsa wasu ma'aikatan lafiya suka zo gwaji Faskari, aka ce masa nasa ya hau. Mutum biyu ya faɗa wa, matarsa da ni. Ya ce, "Kar a ji a gari, a hwara yi mani kallon gawa." Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga wauta ce. Amma a wajenmu ciwon maigida kamar hatsin da ke cikin rumbunsa ne, maƙwabci ba ya sanin yawansa.

A kakar da ya rasu, yana cikin karyar masara tsinin kara ya huda takalmin robarsa ya shige tafin ƙafa. Ya zare, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Na ji labari, na kira shi a waya. Na ce yaya ƙafa, ya ce da sauƙi. Bayan kwana huɗu na sake kira, da sauƙi. Mako na biyu, da sauƙi. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan amsa. Ladabi ce ga Ubangiji, ba rahoton likita ba ce. Mahaifiyarmu ta faɗe ta da hantsin ranar da ta cika. Na san haka sarai, amma jarrabawa ta matso, masu duba makarantu suna tafe, amsar ta yi mini daidai, sai na karɓe ta a yadda ta zo. Sai da Yaya Indo ta aiko direba takanas, ta ce a ce wa Malam ya zo ya ga yayansa da idonsa. Ko a nan sai da na bari Asabar ta yi.

Na same shi ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, ɗakin yana wani irin wari, jikinsa zafi rau, yana kiran sunan shanun da aka sayar tun muna yara. Ya ƙi asibiti ne sai masara ta shiga gida. Da ciwon ya tsananta, shi da kansa ya ce wa matarsa ta jiƙa masa sassaƙen da mutanen garinsu, can wajen Sabuwa, suke sha in miki ya ƙi warkewa. Ta jiƙa. Wace mace ce a ƙauyenmu mijinta zai ce ta jiƙa ta ce a'a?

Muka ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ni da ita da Baba Alhaji Mati, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan. Da aka kira masu mara lafiya, ni da Baba Mati muka shiga wajen likita. Yaya Indo ta tsaya a baranda da filas da kwanon sha. Ba wanda ya ce mata ta tsaya. Ba wanda ya ce mata ta shigo. Haka ake yi: maza su shiga su yi magana, mace ta riƙe kaya. Kuma ko ta shigo, ba za ta buɗe baki ta yi zancen jikin mijinta a gaban surukinta ba.

Likitan ya fara tambaya da Hausa. Ni na amsa da Turanci, irin na littafi, mai tsafta, wanda na yi shekaru ina gogewa ba tare da na sami wurin sa shi ba. Ya ce kwana nawa da jin ciwon. Na ce kamar huɗu. Mako uku ya yi mini nauyi a baki. Me zai ɗauke ni, hedimasta guda ya bar yayansa mako uku a ɗaki? Ya ce yana shan wani magani, na gargajiya ko na kemis. Na ce ba ya shan komai. Jiƙon na ji kunyarsa, ƙwayoyin kuwa na san hannun da ya saye su. Ya ce suga fa, ko hawan jini. Baba Mati yana tsaye a gefena, ba ya jin Turanci amma ya san kalmar suga, sai na ce ba mu da labari. Daga ƙarshe ya ce fitsari fa, yana yi kamar kullum? Tunda uwata ta haife ni ban taɓa tambayar yayana zancen fitsarinsa ba, kuma ba na jin akwai ƙane a ƙasar Katsina da ya taɓa. Na ce lafiya lau yake yi.

Ya rubuta duka. Ba laifinsa ba ne. Mutumin da ya zo da babbar riga da biro a aljihu yana amsawa ba gargada, ba a zarginsa. Sai ya yi wa mara lafiyar da na zana masa magani: ƙaƙƙarfan manomi, mikin kwana huɗu, ƙoda lafiya. Wannan mutumin ba ya cikin asibitin. Wanda ke kwance a kan gado wani ne daban.

Washegari gwajin jini ya tona sugan. Likitan ya dube ni, na yi fuskar mamaki. Na iya ta, na sha ganinta a fuskar ɗalibai. A kwana na uku numfashin Yaya ya yi nauyi, fuskarsa ta kumbura, wata nas ta lura jakar da aka maƙala wa robar fitsari kusan wayam take tun jiya. Nan da nan aka rubuta takarda, aka ce mu wuce babban asibiti a birni.

A can aka shigar da shi ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kai waɗanda ciwo ya kai su gargara. Wanda bai taɓa shiga ba, Allah ya sa kar ya shiga. Ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci, a sa maka wata riga, a ba ka 'yan mintoci. Sanyi kamar cikin randa. Kowane gado da injinansa suna ƙara ƙit-ƙit, kowane da irin muryarsa. Yaya Lawal, wanda bai taɓa yarda a gan shi kwance da rana ba, ga shi a miƙe da roba a baki, inji yana yi masa numfashi.

Babbar likitar ɗakin mace ce, Bahaushiya, ba ta da yawan fara'a. Na gyara murya na fara zuba mata Turancina. Ta bar ni na kai ƙarshen jimla, sannan ta ce da Hausa, "Malam, kai kake jinyarsa?"

Na ce ni ƙaninsa ne.

Ta ce, "Ban tambayi dangantaka ba. Wa yake wanke masa kaya? Wa yake fitar da gwangwanin da yake fitsari a ciki?"

Aka kira Yaya Indo. Ta shigo kanta a ƙasa, ta rakuɓe a bakin kujera. Baba Mati yana waje. Da aka yi mata tambayar farko sai ta waiwayo wajena. Likitar ta ce, "Kar ki dube shi, Hajiya. Ni za ki duba."

Sai ta fara, murya ƙasa-ƙasa. Yau kwana ashirin da shida da sukar karan. Zazzaɓi ya fara a kwana na tara. Fitsari ya ɗauke tun kwana biyu kafin a bar gida, sai ɗan ɗigo mai launin shayi. Suga shekara biyu. Jiƙo ta ba shi safe da yamma, kwana goma. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba ta kawo tarihin ciwon nan a jere, ba gyara ba gogewa. Da ɗalibata ce da na ba ta maki cikakke.

Likitar ta ce, "Ƙwayoyi fa?"

Yaya Indo ta ce, "Akwai na gwiwa da shike sha." Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar leda, ragowar ƙwayoyin a ciki har da kwalin. Tun daga gida ta ƙullo su. Kwana uku tana zaune da su a barandar wancan asibitin tana jiran wani ya tambaye ta.

"Wa yake kawo masa?"

"Aiko mashi ake yi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta dube ni ba.

Likitar ta juya kwalin, ta ajiye. Ta yi mana bayani ba rufa-rufa. Ta ce ƙwayoyin nan sun daɗe suna cin ƙodar a hankali, suga ya taya su, sannan ƙwayoyin cutar mikin suka shiga jini suka ƙarasa. Jiƙon kuwa ba ta san abin da ke cikinsa ba, mai yiwuwa ya ƙara, mai yiwuwa bai yi komai ba. Ta ce abin da ya fi yi musu ɓarna shi ne kwanakin da suka wuce, na gida da na bayan gida. Sai ta ɗauko takardar da muka zo da ita daga wancan asibitin, inda aka rubuta kwana huɗu, ba ya shan komai, fitsari lafiya. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ita cikin fayil. Ba ta ce uffan ba. Na sha hukunta yara da irin wannan shirun. Ban san zafinsa ba sai ranar.

Da muka fito Baba Mati ya taso ya ce, "Isuhu, mi likita ta ce?"

Na ce, "Ta ce ƙoda ce ta taɓu. Ta kuma yi maganar jiƙon da aka ba shi."

Duk jimlolin biyu gaskiya ne. Na yi shekaru ina koya wa yara taƙaita labari, na san abin da ake ɗauka da abin da ake bari. Baba Mati ya juya ya dubi Yaya Indo tun daga sama har ƙasa. Tana tsaye tana jin komai. Ta gyara mayafinta ta koma kan tabarma.

Kwana shida Yaya ya yi a ɗakin. An yi masa wankin ƙoda sau biyu. Jininsa yana ta sauka, ana tallabe shi da magani, yana sake sauka. A kwana na biyu aka kawo wani direba da ya yi haɗari, jina-jina, har Baba Mati ya fara yi wa iyalinsa ta'aziyya a zuci. Kafin mu bar asibitin direban nan yana zaune yana neman shayi. Baba ya kasa gane wannan lissafi: wanda mota ta markaɗa ya tashi, wanda kara ya soka yana tafiya. Wata nas ta ce masa, "Baba, shi wancan da lafiyarsa ya zo, kuma a ranar aka kawo shi. Naku ciwo ya daɗe yana aiki a ciki." Da hantsin kwana na shida injinan gadon Yaya suka canja murya, aka ce mu fita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan na yi ritaya na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi game da irin wannan ɗaki, da abin da ke sa wani ya fita da ƙafarsa wani a fitar da shi. Zancen bai wuce wanda nas ɗin ta yi wa Baba ba: yawan shekaru, tsohon ciwo irin suga da hawan jini, cuta a cikin jini, sassan jiki nawa suka gaza lokaci guda, da daɗewar da aka yi kafin a zo. Na bi jerin nan sau da yawa ina neman sunana. Ba wanda ya sa ƙane mai jin Turanci a ciki. Ina ganin gyara ne da ya kamata a yi a bugu na gaba.

Kar a ce na ɗauki kaina mai rayawa da kashewa. Kwana ya ƙare, na yi imani da haka. Ko likitar ba ta ce da an faɗi gaskiya da ya tashi ba. Ba mutuwar Yaya ce ke hana ni sukuni ba. Abin da ya biyo bayanta ne.

Ranar addu'ar uku, a zauren gidanmu cike da mutane, Baba Mati ya ce da ba a ɗura wa Lawal sassaƙen Sabuwa ba da yanzu yana cikinmu, kuma likita ce ta faɗa, ga Isuhu nan shaida. Idanu suka juyo kaina. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka alhini ne. Ba wanda ya taɓa cewa kisa a fili. Ba a bukatar faɗa. Mata suka daina aiko yara karɓar abin da Yaya Indo ta dafa. Da ta fita takaba ta tattara ta koma Sabuwa wajen 'yan'uwanta, 'ya'yanta maza suka zauna a gidan ubansu da abin da suka ji a zaure. Da matar babban ɗanta Sani ta haihu, ita Yaya Indo ta zo da garin kununta a ƙulle, aka karɓa aka ajiye, aka ce wata ta riga ta dama. An gaya mini wannan a lokacin. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da karatun jarida.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Gonarsa ta bayan dutse, wadda ya fi ji da ita, shekara nawa ba a shiga ba saboda 'yan bindiga. Ciyawa ta kai kafaɗa. Hanyar da muka bi da shi zuwa asibiti yanzu sai an tambayi labarinta kafin a hau. Wannan zai ba shi baƙin ciki, amma ba zai ba shi mamaki ba, don bai taɓa sa rai duniya za ta gyaru ba. Kemis kuwa sun ƙaru, har Pauwa da ƙauyukan da ba su da rijiyar kirki. Ana nan ana ƙulla wa manoma ƙwayoyi a leda, ja da fari da rawaya, su haɗiya su shiga gona. A barandar asibiti har gobe mata ne a zaune da filas, maza suna ciki suna ba da labarin jikin da ba su taɓa wankewa ba. Duk wannan zai kalla ya wuce. Amma in ya tambayi ina Indo, aka ce tana Sabuwa, ya tambayi dalili, a nan ne ban san inda zan sa fuskata ba. Ba zai yi faɗa ba. Bai iya ba. Da ma ya iya.

Abu biyu suka taso ni bana. Na farko, ni ma suga ya same ni. Da likita ya tambaye ni ko ina shan wani abu, bakina ya riga ni, na ce ba na shan komai. Sai na ji muryar maiɗakina daga bayan kujera tana cewa, "Likita, shina shan na ciwon baya kullum, da wani jiƙo da abokinshi ya ba shi." Ashe shekara takwas ban koyi komai ba. Na biyu, Baba Mati ya kwanta. Ya haura tamanin da yawa, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Na ga in ya tafi, bakin da ya yanke hukuncin ya tafi, ba mai warware shi.

Na shiga mota na tafi Sabuwa. Na sami Yaya Indo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da shekarunta. Da ta gan ni sai ta yi irin tsokanar da take mini tun tana amarya, ta ce, "A'a, yau Turawa ne a gidanmu? A kawo kujera, ba su iya zaman tabarma ba."

Na zauna a tabarmar. Bayan gaisuwa na faɗa mata komai, tun daga kwana huɗun da na ce wa likitan farko har zuwa abin da na ce wa Baba a ƙofar ɗakin. Na shirya jawabin tun a mota, da gabatarwa da kammalawa. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

Ta ce, "To ai na sani, Malam. Ina tsaye."

Na ce me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "In ce mi? In tashi gaban Baba in ce ƙanen mijina ya yi ƙarya? Wa zai ji ni? Kuma yayanka shekara nawa ya yi shina noman hedimastan nan? Kai ne gonar da ya hi alfahari da ita. Bai yi kwana uku a ƙasa ba in sa mata wuta?"

Can na ce na yi niyyar in rubuta gaskiyar a jarida, kowa ya karanta. A nan ne ta ajiye gyaɗar ta yi dariya har da tafa hannu.

"Jarida! Matan da suka ƙi cin tuwona jarida suke karantawa? Malam, a zaure aka ƙulla maganar nan. Can za ka je ka kwance ta, gaban Baba, gaban ɗiyana. Kuma da Hausa."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, na sa aka tara mutanen gidanmu a zauren. Aka fito da Baba Mati aka jingina shi da matashi. Sani da ƙannensa biyu suna zaune a bakin ƙofa. Na tsaya a gaban manyan taruka a rayuwata, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na ranar ba. Na faɗi wanda ya sayi ƙwayoyin. Na faɗi abin da na ce wa likitan farko, tambaya bayan tambaya. Na faɗi abin da likita ta biyu ta ce game da jiƙon, duka, ba rabin da na zaɓa ba. Na ce matar da kuka ƙaurace wa ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a duk tafiyar nan.

Baba Mati ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya ce, "Isuhu, shekara takwas ka bar ni ina ɗaukar alhakin baiwar Allah? Da na mutu jiya hwa?" Hawaye suka bi gemunsa. Mutane suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu.

Wannan rubutu, ke nan, ba shi ne biyan hakkin ba. Ƙari ne, don wani mai biro a aljihu da zai raka ɗan'uwansa asibiti gobe. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka leƙa baranda ka kira wadda ta sani.

Na daɗe ina ɗauka ni ne abin da ya rage na Yaya Lawal a duniya, tunda ni ya kashe ƙuruciyarsa a kai. Yanzu na rage wa kaina maki. Gonakinsa rabi sun koma daji. Shanunsa an raba. Abin da na ga ya rage nasa da gaske, ranar nan na gan shi, a wajen Sani. Ya rako ni bakin hanya kamar yadda ɗa ke raka baba, ya riƙe mini jaka, bai ɗaga murya ba, bai sauya fuska ba, bai bar ladabi ko ɗaya a baya ba. Ubansa ke nan sak: ya san abin da ya kamata a yi, sai ya yi shi ba hayaniya. Da motar ta tsaya ya miƙo mini jakar da hannu biyu ya ce, "Baba Malam, gobe zan tahi Sabuwa in ɗauko Inna. Kai ba sai ka zo ba."

Ban je ba. An ce mini ranar Litinin ta iso, kuma Baba Mati ya sa an ɗauke shi a kujera har ƙofar ɗakinta. Abin da suka ce wa juna ba a gaya mini ba, ban kuma tambaya ba.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Yaya Indo ladan shekarunta takwas. Ni kuma, mai karatu, in ka ga da hali, ka sa ni a addu'a.